Hanyar Jinya ko Mai Yin Jinyar: Wanne Za Ka Fara Zaɓa Idan Damuwa Ta Kai Ka Gaban Ƙwararre?

Ranar da mutum ya yarda cewa damuwar da ke cinsa ta wuce a ce masa ya yi haƙuri, ya ce bari ya nemi ƙwararren da za su zauna su tattauna, sai ya tarar da wata sabuwar wahala tana jiransa a bakin ƙofa. Wannan ya ce shi tunani yake gyarawa, wancan ya ce ƙuruciya yake tonowa, na uku ya ce aikinsa sauraro ne, na huɗu kuma ya ce a bi yatsansa da ido. Kowa da sunan hanyarsa, kowa da hujjarsa. Wanda da ƙyar yake iya tashi daga kan gado, ina ya ga ƙarfin tantance waɗannan duka? Shi ya sa nake so in baje su a faifai, domin tambayar "wace hanya ta fi?" amsarta biyu ce, kuma irin ciwon da ke damunka ne zai nuna wadda ta shafe ka.

Akwai tambayar da ta riga wannan: shin zama a yi magana yana warkarwa kuwa? A 1952 Hans Eysenck, masanin halayyar ɗan'adam a Landan, ya tayar da ƙura inda ya ce kusan kashi biyu cikin uku na masu irin wannan damuwa suna samun sauƙi cikin shekara biyu, ko an yi musu jinya ko ba a yi ba. Maganar ta yi wa masu sana'ar zafi, amma ta tilasta musu fara auna aikinsu. A 1977 Mary Lee Smith da Gene Glass suka haɗa sakamakon bincike 375 wuri guda, suka ga cewa matsakaicin wanda aka yi wa jinya ya fi kusan kashi 75 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi. A cikin lissafin nasu kuma akwai abin da ya fi ɗaure wa mutane kai: tazarar da ke tsakanin hanyoyin 'yar kaɗan ce. Tun 1936 wani masani ɗan Amurka, Saul Rosenzweig, ya hango haka, ya ce wataƙila abin da hanyoyin suka haɗu a kansa ne ke yin aikin.

Bari mu dubi hanyoyin da kansu tukuna, yadda mai zama a kujera zai ji su.

Hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda za ka fi ganin an taƙaita sunanta da CBT, ita ta fi yaɗuwa a yau. Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania, ya gina ta a shekarun 1960 bayan ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba sallama: ba ni da amfani, duk abin da na taɓa sai ya lalace, gobe ma haka za ta kasance. A wannan hanya ana kama tunanin a rubuta shi, a tambaye shi hujja, sannan a fita a gwada shi a aikace. Kowane zama da abin da aka tsara za a yi, kuma za ka koma gida da aiki a hannu. Yawanci zama 12 zuwa 20 ne. Ta dace da mai son ya san inda aka dosa. Illarta tana fitowa ne a hannun wanda ya haddace ta bai fahimce ta ba, sai ka ji kamar takardu kake cikewa alhali zuciyarka na wani wuri.

Hanyar tonon zuciya kuwa jikar aikin Sigmund Freud ce, likitan nan na birnin Vienna. A da sai mutum ya kwanta a doguwar kujera sau da yawa a mako, shekara da shekaru. Ta yanzu an sassauta ta: fuska da fuska, sau ɗaya a mako, wata 'yan kaɗan ko fiye. Abin da take farauta shi ne abin da kake maimaitawa ba ka sani ba. Me ya sa duk wanda ya matso kusa da kai sai ka kore shi? Me ya sa duk shugaban da ka samu sai ka ji shi kamar mahaifinka? Har yadda kake hulɗa da ƙwararren kansa ana duba shi, don a nan halin ke fitowa ɗanye. Wanda kukansa shi ne "kullum a wuri ɗaya nake faɗuwa" zai ji ta a jikinsa. Sai dai tana cin lokaci, kuma idan ba a ɗaure ta da manufa ba, ana iya shekara ana hira mai daɗi rayuwa na nan yadda take.

Carl Rogers shi ya ɗauki wani layi dabam. A 1957 ya rubuta cewa ginshiƙan canji su ne ƙwararre ya ji abin da kake ji kamar yana cikin rigarka, ya karɓe ka ba sharaɗi, kuma ya zama na ciki na waje. A hanyarsa ba a ba ka umarni, kai ke jan ragamar hirar. Ga wanda ya yi rayuwarsa ba a taɓa sauraronsa har ƙarshen magana ba, wannan kaɗai babban abu ne. Ga mai neman a ce masa yi kaza, tana iya zama abin takaici.

Akwai kuma hanyar gyaran hulɗa da mutane, wadda Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara a shekarun 1970. Mako 12 zuwa 16 take ɗauka, ta kama abu ɗaya da ya tayar da damuwar: rasuwa, ko saɓani da na kusa, ko sauyin matsayi kamar haihuwa da rabuwar aure da barin aiki, ko kaɗaici. Sai ta ƙarshe, mafi sauƙin bayani, wato farfaɗo da ayyuka: a tsara maka komawa ga abubuwan da ka daina yi, kaɗan-kaɗan, ba tare da ka jira sha'awa ta dawo ba.

To, idan aka haɗa su karo a kan ciwon damuwa, wa ke cin wani? Cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ta gwada, sakamakon ya fito a 1989. An raba majinyata 250 gida huɗu na tsawon mako 16: hanyar Beck, hanyar hulɗa, ƙwayar magani, da ƙwayar da ba ta ɗauke da magani amma ana ganin likita. Tsakanin hanyoyin tattaunawar biyu ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba, kodayake ga waɗanda ciwon ya yi wa tsanani ƙwayar magani ta nuna ƙarfinta. A 2013 aka sake a birnin Amsterdam da mutum 341, zama 16 na hanyar Beck da zama 16 na gajeren tonon zuciya, nan ma kunnen doki. Akwai wani adadi a wannan bincike da bai kamata a ɓoye wa kowa ba: waɗanda suka warke sarai a ƙarshen jinyar ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Jinyar tattaunawa tana taimako, amma duk wanda ya yi maka alkawarin waraka cikin 'yan makonni ya faɗi abin da ba shi da iko a kansa.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne gwajin Neil Jacobson na 1996. Ya ɗauki hanyar Beck ya cire mata abin da ake ɗauka shi ne zuciyarta, wato gardama da mugun tunani, ya bar farfaɗo da ayyuka kawai. Sakamakon bai ragu ba. A 2016 aka tabbatar da makamancin haka a Ingila da mutum 440, kuma a wannan karon ƙananan ma'aikatan lafiya ne suka gudanar da farfaɗo da ayyukan. Idan kuwa ka ci karo da binciken da ya ce hanya kaza ta doke kaza, ka duba wa ya yi shi. Lester Luborsky da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa hanyar da mai binciken ke ƙauna ita ta fi yawan fitowa a gaba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, har a ɗakin bincike.

Me ke yin aikin ke nan? Jerome Frank, likita a Jami'ar Johns Hopkins, ya ba da amsa a 1961 wadda har yau ban ga ta tsufa ba. Ya ce abin da ke kawo mutane neman taimako, ko menene sunan ciwonsu, shi ne gwiwa ta yi sanyi: sun gwada duk dabararsu ta ƙare, sun fara ganin ba mafita. Kowace jinya mai aiki tana ba su amintaccen mutum da za su buɗe wa ciki, da wurin da aka keɓe don neman sauƙi, da bayani mai shiga hankali game da abin da ke damunsu, da wani aiki da za a yi tare wanda ya dace da bayanin. Ka lura da biyun ƙarshe. Sau da yawa idan aka ce dangantaka ce ke warkarwa, mutane sai su ɗauka ana nufin fara'a da taushin murya. Edward Bordin ya fayyace ta a 1979, ya ce ƙafa uku gare ta: ku yarda a kan inda za ku, ku yarda a kan abin da za a yi don a isa, sannan a sami aminci a tsakaninku. Biyu daga cikin ukun magana ce ta aiki. Kana iya son ƙwararrenka ƙwarai amma ba ka san dalilin abin da kuke yi ba, to ƙafa ɗaya ce a ƙasa.

A 2018 Christoph Flückiger da abokansa suka tattara bincike 295 da suka shafi majinyata sama da 30,000. Ƙarfin wannan haɗin kai ya tafi tare da sakamako a kowace hanya, har da jinyar da ake yi ta intanet, kuma ya ɗauki kusan kashi 8 cikin ɗari na bambancin da ake gani tsakanin wanda ya sami sauƙi da wanda bai samu ba. Adadin zai yi maka kama da kaɗan har sai ka ji cewa Bruce Wampold ya ƙiyasta bambancin hanya da hanya bai wuce kashi 1 ba. Shi kansa ƙwararren, wato wane ne shi, yana ɗaukar kusan kashi 5. Mutum biyu da suka yi karatu ɗaya, suke bin littafi ɗaya, majinyatan ɗaya na iya fin na ɗayan samun sauƙi shekara bayan shekara.

Nan ne zaɓi ke yin wuya, don alamun da muka saba dogara da su ba sa nuna gwani. Yawan shekaru a aiki, misali. A 2016 Simon Goldberg da abokansa suka bi ƙwararru 170 da majinyatansu sama da 6,500, suka ga cewa a matsakaici sakamako bai ƙaru da daɗewa a aiki ba, har ɗan raguwa ya yi. Yabon kai ma haka: a wani bincike na 2012 da aka tambayi masu wannan aiki 129 su auna kansu, ba ko ɗaya da ya sa kansa ƙasa da matsakaici. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na 2005. An ce wa ƙwararru su faɗi waɗanda suke ganin za su ƙara tabarbarewa cikin majinyata 550. Suka nuna 3. A ƙarshe 40 ne suka tabarbare, kuma mutum ɗaya tak daga cikinsu aka hango. Ba mugunta ba ce ta jawo haka, mai aiki da zuciya ɗaya yakan ga abin da yake fatan gani. Darasin a gare ka shi ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka abin da kake ji a jikinka hujja ce da dole a saurara.

Wani zai ce, in dai haka ne ai hira da aboki ta wadatar. A'a. Dubi shirin da likita Dixon Chibanda ya kafa a Zimbabuwe, inda aka horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna sauƙi mai yawa bayan zama shida. A Pakistan ma, a 2008, ma'aikatan lafiya mata na karkara sun rage ciwon damuwa ga masu juna biyu da masu jego. Ba su da manyan takardu, amma an koya musu tsari, suna binsa mataki-mataki, kuma akwai masu duba aikinsu. Aboki yana ba ka kunne da tausayi. Abin da ba ya iya ba ka shi ne tsarin da za a riƙe mako bayan mako, ko da ranar da kai kanka ba ka so.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya fi shafar ciwon damuwa, da baƙin ciki, da rikicin hulɗa. Akwai cututtukan da hanya ce kan gaba, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya natsu.

Na farko shi ne ciwon waswasi, inda mutum zai wanke hannu har fata ta tsage, ko ya koma duba ƙofa sau ashirin, ko wani mugun tunani ya riƙa kutso masa yana neman a tabbatar masa ba zai aikata ba. An daɗe ana ganin ba shi da magani, sai a 1966 Victor Meyer a Landan ya gwada wani abu mai kama da rashin tausayi: a sa mutum ya tunkari abin da yake tsoro, a kuma hana shi yin abin da ya saba yi don ya huce. Ya taɓa hannun ƙofa, kada ya wanke. Fargabar takan hau, ta tsaya, sannan ta sauka da kanta, ƙwaƙwalwa kuma ta koyi cewa bala'in bai zo ba. Yanzu ka kwatanta da ƙwararre mai kirki wanda bai san wannan ba. Kullum ka zo da tambaya ya kwantar maka da hankali, ya ce ba komai, ba abin da zai faru. Ka fita da sanyin rai, gobe waswasin ya dawo da ƙarfinsa, domin neman tabbaci shi ne abincin ciwon. Kirkin da zai taimaki mai baƙin ciki, shi ne ke ciyar da ciwon mai waswasi.

Tsoron abu guda, kamar tsayi ko allura ko wata dabba, shi ma tunkara ce maganinsa, har Lars-Göran Öst na ƙasar Suwidin ya nuna ana iya yin ta a zama ɗaya na kimanin awa uku. Ga ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan abu kamar haɗari ko fyaɗe ko yaƙi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2013 a yi amfani da gyaran tunani da ɗabi'a wanda ya fuskanci abin da ya faru kai tsaye, ko kuma hanyar motsa ido da ake kira EMDR, wadda Francine Shapiro ta fito da ita a ƙarshen shekarun 1980. Masana na gardama a kan rawar da motsin idon ke takawa, amma hanyoyin biyu sun haɗu a abu guda: ba a kewaye abin da ya faru. Wannan bai nufin a tara mutane washegarin bala'i a matsa musu su amayar da abin da suka gani a zama ɗaya ba. An gwada hakan, bai hana ciwon ba, wasu ma ya ƙara musu, kuma hukumar ta yi gargaɗi a kansa.

Misalin da ya fi fito da abin fili ya zo daga birnin Copenhagen na ƙasar Denmak a 2014, a kan ciwon da ke sa mutum ya ci abinci ba ƙaƙƙautawa sannan ya tilasta wa kansa amai. Majinyata 70 aka raba biyu. Wasu suka sami zama 20 na gyaran tunani da ɗabi'a cikin wata biyar, wasu suka yi shekara biyu ana tonon zuciya kowane mako. Bayan shekara biyu, kashi 44 cikin ɗari na rukunin farko sun daina, a na biyu kashi 15 ne. Waɗanda suka jagoranci binciken kuwa su kansu mutanen tonon zuciya ne, suka buga abin da suka gani. Haka ma rashin barci mai daɗewa yana da nasa tsarin na gyaran ɗabi'ar barci, wanda ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa a gaban ƙwayoyi a 2016. Masu yawan cutar da jikinsu kuma akwai tsarin da Marsha Linehan ta gina musu, wanda gwajinsa na farko ya fito a 1991.

Ga yadda zan jera zaɓin da ni ne. Ka fara da sanin sunan abin da ke damunka daga bakin wanda ya cancanci ya faɗa. Idan ya faɗo cikin waɗanda na ambata yanzu, nemi hanyar tukuna, sannan ka zaɓi mutum daga cikin waɗanda suka iya ta, kuma ka tambaye shi kai tsaye: "Ka taɓa yi wa masu waswasi jinyar tunkara? Yaya zaman yake kasancewa?" Wanda ya iya zai ba ka amsa dalla-dalla. Idan kuwa ciwon damuwa ne ko rikicin rayuwa, ka bi wadda bayaninta ya kwanta maka, domin an ga cewa wanda aka ba irin jinyar da ya zaɓa ya fi jurewa har ƙarshe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna kusan mutum ɗaya cikin biyar yana barin jinya a tsakiya. Idan ana jin muryoyi, ko hankali na gushewa, ko ana kwanaki ba barci cikin zumuɗi marar dalili, ko tunanin kashe kai ya fara zama shiri, wannan na likita ne a yau ɗin nan, tattaunawa ta biyo baya.

Da zarar an fara, a auna. Akwai takardar tambayoyi tara ta ciwon damuwa da ake kira PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27, ba ta cin minti biyar. Shirin jinyar tattaunawa da Ingila ta fara a 2008 a kan haka ya ginu, kowane zama sai an cike irinta. Kenneth Howard da abokansa sun nuna tun 1986 cewa kusan rabin majinyata suna samun sauƙin da ake iya gani zuwa zama na takwas, kusan kashi uku cikin huɗu kuma zuwa na 26. Sauƙi yakan fara leƙowa da wuri ke nan. A jinyar tunkara fargaba na iya ƙaruwa a makonnin farko, kuma ƙwararren kirki zai gaya maka haka tun kafin a fara. Wannan dabam yake da tabarbarewa ta gaske, wadda ke samun kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na manya.

Saɓani zai zo. Wata rana ƙwararren zai faɗi kalmar da ta soke ka, ko ka ji bai gane ka ba. Kada ka ɓace shiru. Jeremy Safran da Christopher Muran sun shafe shekaru suna nazarin irin wannan tsagewa, kuma abin da aka gani shi ne jinyar da aka sami saɓani aka ɗinke tana ƙarewa da kyau. Yadda ya karɓi kukanka zai nuna maka ko wane ne shi fiye da duk takardun da ya rataye a bango. Amma akwai abubuwan da ba a ɗinkewa: ya nemi soyayya da kai, ko ya nemi rance a wurinka, ko ya fitar da sirrinka ba dalilin ceton rai, ko ya riƙa raba ka da mutanenka. Waɗannan tashi ake yi a bar wurin, a kuma kai ƙara ga hukumar da ta ba shi izinin aiki.

Idan kun kai zama na shida ko na takwas, maki bai motsa ba, kai ma ba ka ji wani sauyi a barcinka ko aikinka ko hulɗarka da mutanen gida ba, ka faɗa masa a farkon zama, kada ka bari sai an tashi: "Ban ga canji ba. Me kake ganin ya hana, kuma me za mu sauya?" Wanda ya san aikinsa zai zauna da kai ku sake duba manufar, ya canza dabara, ko ya haɗa ka da likita a duba batun magani, ko ya tura ka wurin wanda ya fi shi sanin irin ciwonka. Idan amsarsa kawai ita ce ka ƙara haƙuri, ba tare da ya ce ga abin da za a yi dabam a mako mai zuwa ba, ka nemi wani.